Shekaru ne ke korar mutum daga aiki, ko yanayin aikin?

Abu_Sadiq_Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga manyanmu ce, musamman masu aikin albashi da suka haura hamsin. Kowa ya san ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga cika. To a ma'aikatarmu akwai dattijai biyu, matakin albashinsu ɗaya, nauyin iyalinsu ma kusan ɗaya. Ɗaya saura masa shekara shida, amma ba shi da hira sai ta ranar da zai ajiye. Ɗayan kuwa saura 'yan watanni, in ka ambaci ritaya a gabansa ransa a ɓace yake har a tashi. Ni dai ina ganin irin aikin da mutum yake yi, da yadda ake riƙe shi a wurin, su ne ke sa ya ƙosa ya tafi ko ya so ƙari. Abokaina sun ce ba haka ba ne, maganar kuɗi ce kurum. Ku da abin ya shafa, me za ku ce?

Dan_Fagge77:
Wa'alaikumus salam. Abokanka sun fi ka gaskiya. Ka danƙa wa mutum garatutinsa cif ranar da ya miƙa makullin ofis, ka tabbatar masa fansho zai riƙa shiga duk ƙarshen wata, ka ga ko akwai wanda zai ƙara kwana. Tsoron abin da ke bayan ritaya ne ya ɗaure mutane.

Malama_Uwani:
Dan_Fagge, ka faɗi rabi ka bar rabi. Ni malamar firamare ce, shekarata 57, 'yan aji biyu nake koyarwa. Yaran ajina sun haura ɗari, fiye da rabinsu a ƙasa suke zama. In na fara magana ƙarfe takwas, dole muryata ta kai bangon baya, ta kuma danne hayaniyar ajin da ke jikin namu, don tagogin duk babu murafe. Kafin Laraba muryar ta dushe. Filas ɗin ruwan ɗumi da citta ba ya fita daga jakata. In zan duba rubutun yaro sai na sunkuya har ƙasa, wani lokacin sai na dafa bango kafin gwiwa ta yarda in miƙe.

Ranar da labari ya zo cewa an ƙara wa malamai shekarun aiki, na lura da wani abu. Waɗanda suka yi ta murna galibi masu zaman ofis ne, da waɗanda darasi biyu ko uku kawai suke shiga a rana. Mu da ke tsaye gaban allo tun safe har a tashi, shiru muka yi. Ina son yaran nan, Allah shi ne shaida. Da za a raba ajin gida biyu, ko a ce in koma ina nuna wa sababbin malamai yadda ake koyar da baƙi da wasali, wallahi zan kai 65 ɗin da farin cikina. Amma a haka, ko garatuti zai makara, 60 na cika zan rubuta takardata.

Mai_Alli_Zariya:
Allah ya ƙara lafiya Malama. Don waɗanda ba su san asalin zancen ba: Shugaba Buhari ne ya yi alkawarin a ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, ya kuma sa hannu a dokar a Afrilun 2022. Ta mayar da ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki. Mai son tafiya kafin nan yana da damar rubutawa. Jihohi kuma ba lokaci guda suka ɗauka ba, wasu sun fara da wuri, wasu sun daɗe suna jan ƙafa. Abin da ya dame ni shi ne an ƙara shekaru amma ba a taɓa yawan yara a aji ba, ba a taɓa yawan darasi ba. Mai shekara 63 da mai 28 jadawali ɗaya ake miƙa musu.

Anti_Nas:
Malama Uwani, kamar kin shiga zuciyata. Ni aikin jinya nake, shekarata 56, kuma abin da zai kore ni dutin dare ne. Da can in mace ta kai matakina ana cire ta daga dare, ta koma lura da ɗaki da koya wa yara aiki. Yanzu babu wanda za a bar wa. 'Yan tsakiyar nan masu shekara goma zuwa sha biyar a aiki su ne suka fi tafiya Saudiyya da Ingila, aka bar mu tsofaffi da sababbin fitowa daga makaranta. Ki kwana ke kaɗai da ɗaki cike da marasa lafiya, ki juya wannan, ki ɗaga wancan, ki nemi jijiya da fitilar waya don an ɗauke wuta. Ina yarinya, in na sauka daga dare ɗan barci kaɗan ya ishe ni. Yanzu sai in kwana biyu jikina bai dawo ba, jinina kuma ya hau. Abin da ya fi ba ni tsoro kuskure ne. Ƙarfe uku na dare, ido na yaji, kina lissafin maganin jariri. Gara in tafi da mutuncina kafin in cutar da ɗan wani.

Malamin_Jamia:
Bari in faɗi ta ɓangarenmu, don ina ganin tana ƙarfafa maganar mai tambaya. Tun 2012 farfesa a Najeriya sai ya kai 70 yake ritaya, sauran malaman jami'a 65. Alƙalan manyan kotuna ma a 2023 aka daidaita nasu ya koma 70 baki ɗaya. Ku duba irin ayyukan da masu su ke son a ja musu lokaci: na zama ne, na tunani, kai ke tsara yininka, kuma girmanka ƙaruwa yake da furfurarka. Shekarata 61, ba na jin irin gajiyar da Anti Nas ta kwatanta. In gwiwa ta matsa, sai in zauna a gida in duba aikin ɗalibaina na digiri na biyu. Ba wanda ke tsaye a kaina da rajistar sa hannu. Albashinmu ba abin a zo a gani ba ne, kowa ya tuna yajin aikin wata takwas na 2022, amma da wuya ka ji farfesa yana ɗokin ritaya. Da kuɗi ne kaɗai ma'auni, da mun riga kowa gudu.

Matashi_Mai_Digiri:
Ku yi haƙuri iyayenmu, amma mu fa? Na gama bautar ƙasa tuntuni, har yau ina yawo da takardu. Duk shekara biyar da aka ƙara wa wani, mu aka ƙara wa zaman jira. Ga masu zuwa kotu su yi rantsuwa su rage shekaru, mutum da jika a sakandare amma takarda ta ce 52 yake. A ba mu wuri mana.

Baba_Na_Sakatariya:
Ɗana, ban ga laifinka ba, kuma rage shekaru ha'inci ne, ba na kare mai yi. Amma ka zo sashenmu ka gani. Mutane sun yi ta ritaya a 'yan shekarun nan, ba a ɗauki kowa a gurbinsu ba. Teburansu na nan ƙura ta rufe, aikinsu an jibga wa mu da muka rage. Tafiyata ba za ta ba ka aiki ba sai in gwamnati ta buɗe ɗauka. Sannan ka sani irinku ne suka hana mu tafiya. Ina da masu digiri biyu a gida, daga aljihuna suke ci, ga ƙannensu a makaranta, ga marayun ɗan uwana. In na ajiye yau, wa zai riƙe gidan?

Matashi_Mai_Digiri:
Allah ya ƙara buɗi Baba, ya sa su samu. Amma dai maganar masu rage shekaru tana nan.

Mai_Lissafin_Fansho:
Dan_Fagge yana da hujja, sai dai a rarrabe tsari biyu. A tsohon tsari, wanda ya cika shekara 35 yana samun kashi 80 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe a matsayin fansho, da garatuti ninki uku na albashin shekara. Lissafin mai daɗi ne, biyan ne matsala, don kasafin gwamnati ake jira. Shi ya sa aka riƙa ganin tsofaffi a layin tantancewa. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin adashin gata, aka gyara dokar a 2014: ma'aikaci ya zuba kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba aƙalla kashi 10, kuɗin na taruwa a asusu mai sunanka ƙarƙashin kulawar hukumar fansho ta ƙasa, PenCom.

A wannan tsarin, abin da ka tara shi za ka ci. Duk shekarar da ka ƙara, asusun na ƙaruwa, shekarun da za a raba kuɗin a kansu kuma suna raguwa. Ke nan tsarin da kansa yana matsa wa mutum ya daɗe, jikinsa ya yarda ko bai yarda ba. Wanda ya fi jin jiki shi ne mai ƙaramin albashi da aiki mai nauyi. Shi ne jikinsa ke fara gazawa, shi ne kuma asusunsa ya fi ƙanƙanta. Sojoji an fitar da su daga tsarin tuntuni, tsoffin 'yan sanda kuma a Yulin 2025 sun yi zanga-zanga a Abuja suna neman su ma a fitar da su. Jihohi kowa da nasa. Jigawa da Kano suna da asusunsu na daban, kuma gwamnatin Kano da ta hau a 2023 ta ce ta tarar da bashin garatuti na sama da naira biliyan 48, ta shiga biya kashi-kashi.

Dan_Fagge77:
To kun ji. Wa zai ga maƙwabcinsa ya shekara yana jiran haƙƙinsa, sannan ya yi gaggawar bin sahunsa?

Tsohon_Mai_Damara:
Na yi aikin ɗamara har na cika 35, ba zan ambaci wace hukuma ba. Shekarun ƙarshe sun fi na farko wuya. Ina da hamsin da 'yan kai ana tura ni tsayuwar hanya, rana ta dake ka, sanyin hunturu ya shiga ƙashinka, ka cire takalmi da dare ka ga ƙafa ta kumbura. Canjin wuri kuma ba a shawara da kai, takarda kawai za ka gani, iyali na Arewa kai kana Kudu. Wasu 'ya'yana ban san ranar da aka yaye su ba. Amma da ranar tafiya ta matso sai na ji ba na so, saboda gidan bariki. Ka ajiye kaki, ka fita daga ɗakin, ni kuwa a lokacin ko fili ba ni da shi. Ina ƙin aikin, ina tsoron rabuwa da shi, duk a lokaci guda.

Alhaji_Mataki14:
Ni aikina ba na ƙarfi ba ne. Ofis ne, ga fanka, ga kujera mai laushi. Amma a cikinku ban ga wanda ya kai ni ƙosawa ba. Abin da ya canza shugaba ne. Wanda ya gabata, in fayil mai sarƙaƙiya ya zo, sai ya aiko masinja ya ce a kira Alhaji, mu zauna mu warware. Ina komawa gida ina jin na yi wani abu a ranar. Wanda ya zo yanzu yaro ne a kaina, kuma wannan ba laifi ba ne, Allah ke ba da girma. Amma tun zuwansa fayil ya daina biyowa ta teburina. Aka kawo sabon tsarin aiki da kwamfuta, aka fitar da sunayen masu zuwa horo, babu nawa. Da na tambaya, a gaban yaran da na koya wa rubuta wasiƙar ofis aka ce mini, "Baba, saura kwana nawa ka tafi?"

Yanzu in zo ƙarfe takwas, in sa hannu, in karanta jarida, in yi azahar, in jira la'asar. Albashi na shiga, ba a taɓa mini ko kwabo ba. Amma zaman nan ya fi aiki cin rai. Mai ɗakina ce ta fara lura na daina ba da labarin ofis a gida. Saura mini shekara huɗu, amma na fara tambayar yadda ake rubuta takardar ajiye aiki don raɗin kai. Dan_Fagge, ina kuɗi a cikin wannan?

Dan_Fagge77:
Ranka ya daɗe, abin da aka yi maka bai kyautu ba. Amma tambaya ka fara, ba ka rubuta ba. Me ya riƙe hannunka?

Alhaji_Mataki14:
Auren 'ya'ya mata biyu da ke gabana. Wannan shi ya riƙe ni, amma ba shi ya sa nake son tafiya ba.

Yar_Mararaba:
Ku sa hanya a lissafi. Mahaifina ma'aikacin tarayya ne, a Mararaba muke, ofishinsa a tsakiyar Abuja. Yana idar da asuba yake fita saboda cunkoson Nyanya, ba ya dawowa sai bayan isha. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 ya ajiye motarsa ya koma ta haya. Dattijo mai ciwon suga yana kokawar shiga bas da samari. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma kuɗin mota da na abinci sun riga sun yi gaba. Aikin kansa ban taɓa jin ya yi kuka da shi ba, hanyar ce ta gajiyar da shi.

Na_Tudun_Wada_KD:
'Yata, maganarki ta tuna mini. A nan Kaduna a Disambar 2021 aka mayar da aikin gwamnatin jiha kwana huɗu a mako. An yi ta surutu a kai, amma ni da nake da 57 a lokacin na ga amfaninsa. Juma'a ta zama ranar ganin likita da leƙa gona, ba sai na je neman izini wurin kowa ba. Da na ƙudurta tafiya da wuri, sai ga shi na cika lokacina lafiya lau. Kwana ɗaya kacal aka rage.

Sakatare_Mai_Ritaya:
Game da koken Matashi, can sama ne abin yake. Darakta ba ya son tafiya: ga mota, ga direba, ga alawus na tafiye-tafiye, kowa na rusuna masa. Shi ya sa gwamnatin 'Yar'aduwa a 2009 ta sa wa daraktocin tarayya wa'adin shekara takwas a kan kujera, aka dakatar a 2016, aka dawo da shi a 2023. Masinja da mai shara kuwa tun kafin lokaci ya yi suke ƙirga kwanaki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda daɗin aiki yake.

Direban_Tirela:
Ina karanta ku ina jinjina kai. Ku kuna da ranar da aka rubuta muku. Mu a tasha ido ne ke yi wa mutum ritaya. Na fi shekara talatin ina Kano zuwa Legas. Yanzu in mota ta haske ni da dare sai in ɗan jima ban ga kwalta ba, ƙugu kuma ya riƙe. Mai mota ba ruwansa, lodi ya isa a kan lokaci kawai. Ba fansho ba garatuti. In ka sauka daga sitiyari sai zaman benci a tasha, yaran da ka koya wa tuƙi su riƙa miƙo maka na cefane. Haka 'yan dako a Dawanau, haka leburorin kamfani da ake riƙewa a matsayin na wucin gadi shekara da shekaru.

Zango_Kumasi:
Sallama daga Kumasi. A nan Gana shekara 60 ce ƙarƙashin SSNIT, hukumar fanshon ƙasar, amma daga 55 mutum na iya karɓar fansho ragagge. Abin da ya shafi zancenku shi ne dokar ta ware masu aiki mai haɗari, kamar masu haƙar zinariya a ƙarƙashin ƙasa irin na Obuasi. In sun daɗe a ramin, suna iya tafiya a 55 da cikakken fansho. An yarda ke nan cewa shekarar rami da shekarar ofis ba ɗaya ba ne.

Mushe_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan malaman lakwal da yawa 'yan kwantiragi ne. Sai mutum ya daɗe yana koyarwa a ajin zana cikin ƙauye kafin ya samu lambar zama cikakken ma'aikaci. Wanda ya shiga a makare tilas ya so a ja masa lokaci don fanshonsa ya yi auki, ko da ya gaji. Kuma kun tuna rikicin Faransa a 2023, da gwamnatin Macron ta ɗaga shekarun daga 62 zuwa 64? Masu kwashe shara a Paris sun tafi yajin aiki har bola ta taru a tituna, don su ne suka san abin da shekara biyu ke nufi ga bayansu. A can akwai tsarin da mai aikin dare ke tara maki, daga baya ya yi amfani da su ya rage lokacin aiki ko ya tafi da wuri.

Dan_Yammacin_Katsina:
Ni ba jiki ne ya kore ni ba, ba shugaba ba. Ma'aikacin lafiya ne ni a ƙaramin asibitin ƙauye, kuma ina son aikin, mutanen garin sun ɗauke ni ɗan gida. Amma aka kai lokacin da da takalmi nake kwana. Ko ƙarar babur na ji da dare sai gabana ya faɗi. Bayan sace ɗalibai da aka yi a makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, iyalina suka ce sai dai in zaɓa. Na nemi canjin wuri ban samu ba, na ajiye ina da 53. Malaman makaranta da yawa a yankinmu haka suka yi. Wanda ya ji labarin sace ɗaliban Kuriga a Maris ɗin 2024, ina zai ga laifin malamin ƙauye da ya ce ya gaji?

Gwaggo_Shugaba:
Ni labarina akasin na Uwani ne. Na fara koyarwa ina 'yar 19, bayan na gama makarantar horon malamai, don haka 35 ta cika ina da 54, tun kafin dokar ƙarin ta zo. Ƙarfina ras. Makarantata ƙarama ce, ni da malamaina zaman amana muke, iyayen yara suna ganin girmana. Ranar walimar sallama kuka na yi. Zaman gida ya kusa sa mini ciwo, sai na karɓi riƙon wata makarantar kuɗi a unguwarmu. Albashin bai kai rabin na da ba, amma da safe ina da inda zan je. Uwani ƙanwata, bambancina da ke aji ne. Nawa bai taɓa wuce yara hamsin ba.

Malam_Na_Zaure:
Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ya kuma hana a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, in an ɗora to a kama masa. Duk mai rubuta jadawalin aiki, da mai riƙe fayil ɗin garatutin wani, ya sani amana ce a wuyansa.

Abu_Sadiq_Gwale:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Mun ɗan yi nisa cikin fansho, bari in dawo da tambayar. A ce fansho tabbas ne, ba jira ba layi. Wane abu ɗaya ne in an gyara a wurin aikinka za ka yarda ka ƙara shekara biyu ko uku?

Anti_Nas:
A cire ni daga dare. Shi ke nan. A ba ni safe, a ba ni yara in koya musu.

Alhaji_Mataki14:
A dawo mini da aiki, a kira ni in ana shawara. Kwamfutar ma a koya mini, ai ba ta gagari mai wayar hannu ba.

Dan_Fagge77:
"A ce" ɗin nan ita ce duk matsalar, Abu Sadiq. Ba za a raba biyun ba. Shugaba yana wulaƙanta dattijo ne don ya san ba shi da wurin zuwa.

Maman_Hanif_UK:
Anti Nas, ina cikin waɗanda kika ce sun tafi, ki yafe mu. A nan Ingila shekarun fanshon gwamnati 66 ne, ana ɗaga shi zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028, don haka tsofaffi na aiki sosai. Amma a ɗakin da nake akwai mata masu sittin da wani abu da ke zuwa kwana biyu ko uku a mako. Sun karɓi wani ɓangare na fanshonsu, suna ci gaba da aiki kaɗan-kaɗan. Ga na'urar ɗaga mara lafiya, ba a yarda ki ɗaga da bayanki ba. Su ma ƙarancin ma'aikata na damunsu, kuma da yawa gajiya na sa su tafi da wuri. Sai dai akwai tsani tsakanin cikakken aiki da zaman gida, mutum ya sauko a hankali. Mu a gida ko kana ciki dumu-dumu, ko rana ɗaya a ce kar ka zo gobe.

Sakatare_Mai_Ritaya:
Muna da makamancinsa, ana ba wanda ya yi ritaya kwantiragi. Amma a abin da na gani, mai hanya ne ke samu, ba wanda aka fi buƙatar iliminsa ba. In ba a rubuta ƙa'ida ta kowa da kowa ba, haka za a ci gaba.

Matashi_Mai_Digiri:
Kwantiragin nan ma ai gurbinmu ne yake tarewa.

Malama_Uwani:
Ɗana, in aka raba ajina biyu, ɗaya ajin malami yake buƙata. Ka zo ka karɓa.

Yar_Mararaba:
Akwai wani abu da ba a taɓo ba. Babana yana karɓar maganin suga ta inshorar lafiya ta wurin aiki. Babban abin da yake tambaya yanzu shi ne ko za ta ci gaba bayan ya ajiye, don abokansa da suka tafi daga aljihu suke saye. Lokacin da mutum ya fi buƙatar asibiti, lokacin ne yake fargabar rasa katin.

Direban_Tirela:
Malam Mai Lissafi, mu da ba mu da ofis, akwai wata hanya?

Mai_Lissafin_Fansho:
Akwai, Alhaji. Tun 2019 PenCom ta buɗe tsarin fansho na masu sana'ar kansu, direba, tela, ɗan kasuwa. Kana zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako ko wata-wata, wani kaso kana iya cira in buƙata ta taso, saura sai tsufa. Ga mai shekarunka ba zai tara abin kirki ba, gaskiya ke nan, amma ka gaya wa yaran motarka su fara tun yanzu.

Anti_Nas:
Ni kuma fa? In na rubuta baɗi ina da 57, zan iya taɓa kuɗina?

Mai_Lissafin_Fansho:
In a tsarin adashin gata kike, daga shekara 50 doka ta ba ki dama in kin yi ritaya. Amma kafin ki rubuta, ki je wurin kamfanin da ke riƙe asusunki su buga miki abin da ya taru, su lissafa miki abin da za ki riƙa samu a wata in kin tafi baɗi, da in kin jira 60. Ki kuma duba ko wurin aikinki na zuba nasa kason duk wata, don a nan ake yawan samun giɓi. In jiharku tsarinta daban ne, ofishin fansho na jiha za ki tambaya, ki tafi da takardar ɗaukarki aiki da ta ƙarin girmanki na ƙarshe.